Ciki Biyu a Gidanmu na Kebbe

Na fara da sunan Allah da ya tashe ni daga gadon da na ɗauka shi ne na ƙarshe. Ni ce Kulu mai ƙuli ta Tambuwal, ko da yake asalina Kebbe. Duk wanda ya taɓa aiko sayen man gyaɗa a shiyyarmu ya san ni, in bai san fuskata ba ya san bakina. Boko da girmana na koye shi, a ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe wa mata bayan an sami mulkin kai, ana yi mini dariya wai tsohuwa da allo. To, yau ga ranarsa. Na rubuta wannan ne saboda matan da za a yi wa irin tambayar da aka yi mini, kada su amsa yadda na fara amsawa.

Sai na fara da ɗiyata ta fari, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ni kuwa na riƙe wannan kunya har mata suna misali da ni. Da aka yaye yarinyar, Yafendo ce ta ɗauke ta, wato ƙanwar mahaifiyata, ta raine ta a Kebbe. Shi ya sa kowa ke ce mata 'Yar Kebbe. In ta zo gidanmu ina son a ba ta ruwa, sai in dubi bango in ce, "Ba a ba baƙi ruwa gidan ga?" Da aka zo ɗibar yara mata makaranta aka haɗa da ita, muka yi ta kuka kamar an yi rasuwa, ni a bayan rumbu na yi nawa. Ashe nas za ta zama a asibitin birni. Shekara ashirin da fuɗu ban taɓa duban idonta na ce mata ko sannu ba.

Ciwon da kaka ya fara mini, ana cire gyaɗa, ina da shekara arba'in da ɗaya. Al'adata ta kwana biyar ta koma goma, ta koma sha biyar, ga gudaji. Tsumma ya ƙare a ɗakina har na yaga zanen da nake ji da shi. Na rasa gane ranar salla da ranar da ba salla, sai da na je wurin matar liman ta warware mini. In na durƙusa matsar tunkuza, ina ɗagowa sai duniya ta yi baƙi. Wani abin ban haushi, sai na kama kwaɗayin farar ƙasa kamar mai sabon ciki.

Kafin azumi sai na ji wani abu mai tauri a ƙasan cibiyata. Ya yi ta girma har zane ya fara nunawa. Mata suka shiga yi mini tsiya. "Kulu, ashe da sauranki! Auta za a yi wa ƙane?" Ina dariya ina mayar musu da baƙa, amma in sun fita sai tsoro ya kama ni. Na san wannan cikin. Na taɓa ganinsa a jikin wata.

Shekarar da na tafi goyon ciki Kebbe, cikin 'Yar Kebbe ke nan, na ishe Inna mahaifiyata ita ma da ciki. Babana ya shekara biyu da rasuwa, ba ta kuma sake aure ba. Ba sai na faɗi abin da aka riƙa cewa a bakin rijiya ba. Wai uwa da ɗiya za su yi wankan jego tare. Ƙannen babana suka hana ta fita, aka mayar da ita ɗakin bayan gida. Sau ɗaya ta dafa Alƙur'ani ta rantse, da ta ga ba wanda ya ɗago kai, ba ta ƙara cewa komai ba. Cikin yana ta tashi, ita tana ta ramewa, wuyanta ya koma kamar kara. Ni na haihu, ita ba ta haihu ba. Ranar suna maigidana Malam Umaru ya zo daga Tambuwal, yana sane da duk maganganun da ake yi, ya raɗa wa yarinyar sunan Inna a gaban kowa. Wannan abu ko a kabari ba zan manta masa da shi ba. Kafin in gama arba'in Inna ta cika. Mutane suka ce ɗan ne ya mutu a ciki ya tafi da ita. Daga ranar aka rufe maganarta a danginmu, aka rufe har da sunanta.

To, ni ina da miji, ba mai zargina. Amma tsoro bai san da wannan ba.

Magani kuwa na sha shi. Yafendo ta aiko da sassaƙe daga Kebbe, wata ta ce jiƙon kanwa, wata ta ce a yi mini ƙaho a baya, aka yi, ɗan jinin da ya rage wanzami ya ƙarasa zuƙewa. Na sha rubutu, Allah ya saka wa malaman da suka rubuta. Wata biyu muna haka. Ranar da na faɗi a gaban kaskon suya, saura kaɗan in kifa fuskata cikin mai, Malam ya ce ya isa. Ya kai ni asibitin sha-ka-tafi na garinmu. Malamin asibitin ya ja fatar idona ya duba, ya dubi tafin hannuna, ya ce, "Ke da mi kika tafiya? Ba ki da jini!" Ya ba ni wasu ƙwayoyi da takarda, ya ce a wuce birni, wannan ya fi ƙarfinsa.

Malam ya sayar da bijimin da yake turka. Yafendo ta zo daga Kebbe da tabarmarta da tukunya, ta ce ita za ta yi jinya. Muka hau motar 'yan kasuwa, aka kwantar da ni a kan buhunan gero. Duk ramin da ke tsakanin Tambuwal da Shagari sai da na ji shi a marata.

Kwana uku muka yi muna layi a ƙarƙashin dogon yaro kafin in ga likita. A nan zan yi ƙorafina na farko. Ina da ɗiya nas a cikin asibitin nan, tana wucewa da farar riga da 'yar hula, ta durƙusa ta gai da babanta da Yafendo, ta kawo mana ruwa da abinci, amma ba ta tsallakar da ni ko mutum ɗaya ba. Na dubi itacen na ce, "Wasu dai ba su da amfani ga nasu." Ita ma ta dubi itacen ta ce, "Waɗanda ag gaba ma uwayen wasu ne." Yafendo ta ce ai ga inda ta gado bakin.

Aka ba ni gado a ɗakin mata. Makwabciyata wata Luba ce daga Jabo, ba ta kai ni shekaru ba, ciwonmu iri ɗaya, ga surutu kamar an kunna rediyo. Sati biyu aka yi ana gyara ni kafin a yi maganar aiki, allura da ƙwaya da ƙarin jini. Malam ya ba da jininsa kwalba guda. Ƙanensa da ya rako mu, ƙato guda mai ɗaga buhu da hannu ɗaya, yana ganin allurar ya ce zai kewaya, sai a Tambuwal aka sake ganinsa. Duk da haka aka ƙara mini kwalba ta biyu, ban tambayi daga ina ba. Abin da ya fi damuna a ɗakin nan shi ne sunan. A asibiti ba wanda ya san wata 'Yar Kebbe, da sunanta na yanka ake kiranta, daga wannan ƙofa zuwa waccan. Duk sanda aka ƙwala kiran sai ni da Yafendo mu sunkuyar da kai.

Likitar wata Baturiya ce doguwa, mai sanyin hannu. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba, kuma mai yi mata tafinta namiji ne. Da ta ji cewa ni ce uwar nas ɗinta, sai ta yi murna, ta sallami tafintan, ta ce ɗiyata ta tsaya. A ganinta gata ta yi mini. Wayyo! Da ta sani da ta bar mini ƙaton nan.

Ta zauna a bakin gadona da takarda da fensir, ta zana wani abu kamar ƙaramin tulu, da wasu 'yan dunƙule biyu dama da hagu. 'Yar Kebbe ta tsaya ta kaina inda ba za mu haɗa ido ba, tana magana kamar da iska.

"Likita ta ce a gaya ma mai ciwo ƙari ne cikin mahaifa, ya yi girma, sai an fid da mahaifar duka. Wannan babu shawara cikinai. Shawara ga waɗanga biyu take."

Obari, haka likita ta kira su, kalmar ta zauna mini har yau. Gidan ƙwai ke nan, kamar tarin nan da muke ishewa a cikin kaza in an fiɗe ta. Ni da na haifi bakwai ban san ina da su ba. Ta ce ba ƙwai kaɗai suke yi ba, su ke riƙe wa mace ƙarfin jiki da laushinsa. In aka bar su, zan tsufa a hankali kamar kowa. In aka cire, tsufan zai faɗo mini rana ɗaya, da zafin jiki da gumi da ciwon gaɓoɓi. Amma su ma sukan yi nasu ciwon, mugu, wanda ba ya nuna kansa sai ya gama ɓarna, ga shi gidanmu da nisa. Ta ce a shekaruna ita ta fi son ta bar su, sai fa in da dalili.

Sai ga tambayar.

"Likita ta ce, cikin dangi na mata, uwa ko 'yar'uwa, akwai wadda cikinta yak kumbura ta rame har ta rasu? Ko mai ciwon nono? Ta ce wani lokaci abin shina bin gida, daga uwa zuwa ɗiya."

Yafendo tana zaune a ƙasa kusa da ƙafata. Na ji farcenta ya shiga idon sawuna. Na dubi bango na ce, "Babu kowa."

Likita ta gyaɗa kai, ta ja layi a ƙarƙashin 'yan dunƙulen nan biyu, ta ce to za a bar su. Aka sa aiki jibi da safe. Aka kira Malam ya dangwala hannu a takarda. Likita ta ce tana son ta ji daga bakin mai jikin, Malam ya ce, "Ai jikinta na, a tambaye ta." Na karɓi alƙalami na rubuta Kulu da hannuna, nas-nas suna leƙe. Na ji daɗin wannan, amma daɗin bai kai ciki ba.

Da suka fita Yafendo ta ce, "Allah shi yi miki albarka. Mi za a tona? Kuma ko ba don haka ba, mahaifa ma da sun bi tawa da ba a taɓa ta. Mutum shi koma ma Ubangijinai da jikinai cikakke." Malam yana daga ƙofa ya ce, "Yafendo, wanda anka yanke ma ƙafa fa? Wanda ya halicce ta ya san inda zai tattaro abinai." Ta yi tsaki, don ba ta iya yi masa musu.

Washegari ban iya cin komai ba. Maganar nan ta ƙarshe ce ke ta dawo mini, daga uwa zuwa ɗiya. Ni ban damu da kaina sosai ba, na ga jikoki. Amma in abin gaskiya yana bin gida, to daga Inna ya biyo ni, daga ni kuma wa zai bi? Luba ta lura da ni. Ta ce, "Ke Kulu, tun jiya bakinki ya mutu, ko tsoron wuƙa ne? Ki kwantar da hankalinki, wadda jinin ɗiyarta ka yawo jikinta ba ta mutuwa da sauƙi."

Na ce, "Jinin wa?"

"Au, ba ki sani ba? Kwalba ta biyu ai tata ce. Nan tad dawo tana layi don jiri, ta sha shayi ta koma aiki."

Na juya wa Luba baya don kada ta ga idona.

Bayan azahar Yafendo ta fita bayan asibiti inda masu jinya ke hura wuta, za ta dama mini kunu. 'Yar Kebbe ta shigo canza zanen gadon Luba. Na ce yanzu ko ba yanzu ba. Na gyara murya na dubi Luba, na ɗaga harshe yadda za a ji.

"Luba, ni kam na san wata mata a Kebbe, da daɗewa, da cikinta yak kumbura..."

Ban kai ƙarshe ba. Yarinyar nan ta ajiye zanen, ta zagayo ta tsaya a gabana, daidai inda idona yake. Adda take ce mini tun tana ƙarama, kamar wata yayarta.

"Adda, likita ba ta amsar magana ta bakin makwabciya, ba ta amsa ta bakin bango. In da mai magana, ga ni. Ta faɗa mini."

Kai! Raina ya ɓaci. Na ji kamar in kai mata mari, ni za ta tsare da ido a gaban mutane? Na buɗe baki in ce ba komai, sai na ga wurin da aka soka mata allura a hannu, ya yi ɗan baƙi. Na ɗaga kai na dube ta. Ban taɓa sanin tana da ɗan tabo a gira ba. Ban taɓa sanin idon Inna ne da ita sak ba.

Na ce, "Zauna."

Kalmar farko ke nan da na taɓa gaya mata. Ta zauna a bakin gado. Na ba ta labarin ciki biyu a gidanmu na Kebbe, tun daga bakin rijiya har ɗakin bayan gida, har ranar suna. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Shi ya sa ba a kirana da sunana." Na ce shi ya sa. Ta share fuska da bayan hannu, ta miƙe ta gyara hularta, ta tafi kiran likita.

Likita ta yi tambayoyi da yawa. Inna tana cin abinci? Ƙafafunta sun kumbura? In an taɓa cikin yana motsi kamar ruwa a salka? Shekarunta nawa? Wannan karon ni na amsa, ina duban wadda ke juya maganar. Daga ƙarshe likita ta yi magana a hankali, 'Yar Kebbe ta juya mini.

"Ta ce ba ta ga Inna ba, don haka ba ta rantsuwa. Amma duk abin da kika faɗi, haka ciwon gidan ƙwai ka yi. Ciki shi cika da ruwa, mutum shi rame. Ta ce ta ga mata da yawa da anka ce ciki gare su, alhali ciwo ne."

Ni dama ban taɓa zargin Inna ba. Amma ban taɓa samun wanda ya faɗa mini haka da baki ba. Na yi kuka a gaban Baturiya da Luba da kowa, ban ji kunyar kowa ba.

Likita ta ce yanzu shawararta ta canza, ta fi karkata ga a cire, amma ba za ta ɓoye mini ba, zan sha wuya bayan haka, kuma mai yiwuwa ta buɗe ta ishe su lafiya lau. Ta ce zaɓi nawa ne. Na tambaye ta, in an bar su suka kamu, zan gane da wuri? Ta ce da wuya. Na tuna motar gero da ramukan hanya, na tuna ɗakin bayan gida. Na ce a cire duka biyun. Aka kawo sabuwar takarda, na sake rubuta Kulu.

Yafendo ta dawo da kunu ta ishe an gama. Ta ajiye kwanon ta ce, "Kin tone kabarin uwarki gaban kafira da mutanen Jabo." Luba ta ce, "Mu mutanen Jabo mi munka yi?" Ba wanda ya yi dariya. Daga ranar Yafendo ta daina yi mini magana, amma ba ta tafi ba.

Aikin kansa ba ni da labarinsa. An tura ni a gado mai taya da hantsi, aka ɗora mini wani abu a hanci, aka ce in ƙirga, na kai fuɗu. Na farka da la'asar da amai da ƙishirwa, cikina kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Kwana uku ba na iya juyawa. Yafendo ce ke ɗaga ni, ta goge ni, ta zubar da tasa, ta jiƙa mini leɓe da tsumma, duk ba ta ce mini uffan. Tsohuwa mai shekara sittin da wani abu tana kwana a kan siminti saboda ni. Haushinta nake ji, ina kuma sa mata albarka a zuci. Rana ta fuɗu 'Yar Kebbe ta zo ta ce in tashi in taka. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Mai bakin nan ce ba ta iya taku uku?" Don haushi na yi biyar.

Likita ta ce gidan ƙwai na dama lafiyarsa lau. Na hagu kuwa ta ishe shi da kumburi kamar lemun tsami, ta aika da shi wani gari a duba. Luba an yi mata nata aikin bayan nawa, ita an bar mata gidan ƙwanta, don danginta ba mai irin wannan ciwo, kuma ba ta kai ni shekaru ba. Aka cire mana zare rana ɗaya, aka sallame mu.

Abin da likita ta faɗa bai yi ƙarya ba. Ban cika sati biyu a gida ba zafin ya fara. Ina zaune lafiya sai in ji wuta ta taso daga ƙirji ta haye kaina, gumi ya jiƙa ni sharkaf, ko da sanyi ake yi. Barci ya gudu. Gwiwa ta fara ƙara. Faɗa kuwa, ni da dama ba a taɓa ni, sai na koma ko kaza ta gifta sai ta ji. Malam ya sha haƙuri, Allah ya ba shi lada. Akwai wasu abubuwan da ba zan rubuta ba, matar auren da ke son sani ta zo ta same ni a ɗaki. An ba ni ƙwayoyi da suka rage zafin, da suka ƙare ba a samu a kusa ba. Akwai ranakun da na ce da na sani da na bar abina. Ba zan ɓoye wannan ba.

Wata biyu bayan aiki 'Yar Kebbe ta zo hutu da saƙon likita. Muna tsakar gida da yamma, ni da Yafendo muna ɓarar gyaɗa, har lokacin maganarmu ba ta wuce "ungo" da "kawo" ba. Ta ce sakamako ya dawo. Kumburin nan irin wanda in an bar shi yake iya rikiɗewa ne, amma an riga shi. Na yi hamdala. Sannan na ce mata, "Faɗa ma Yafendo abin da likita tac ce game da Inna."

Ta faɗa mata, kalma bayan kalma, ba ta ƙara ba ba ta rage ba.

Yafendo ta ci gaba da ɓara kamar ba ta ji ba. Can sai na ga ƙwayar take zubarwa a ƙasa, tana tara ɓawon a ƙwarya. Ta ce, "Ruwa?" Aka ce mata ruwa. Ta ce, "Ni nika kai mata abinci ɗakin nan. Ana gobe za ta rasu, na duƙa na ce mata, Yaya, ki faɗa mini wane ne, ba ni gaya ma kowa." Ta ajiye ƙwaryar. "Ta dube ni kawai. Ta juya ga bango."

'Yar Kebbe ce ta matsa ta riƙe ta, tsohuwar tana ta neman gafara, ban san ko wurin Allah ba ko wurin mai sunan Inna da ke riƙe da ita. Da ta koma Kebbe, na ji labarin gida gida ta bi, duk tsohuwar da ta rage cikin masu zuwa rijiya a wancan zamani sai da ta same ta ta gaya mata. Wasu sun yarda, wasu sun ce zancen asibiti ne. Wannan ya rage nasu.

Yau shekara biyu ke nan. Na koma kan kaskona, jini ya tsaya, ba na tsallake salla. Zafin ya ragu, gwiwar dai tana nan. Luba takan aiko mini da gaisuwa daga Jabo, lafiyarta ƙalau, wai har ta fi ni ƙiba. Don haka kada wata ta karanta wannan ta ce Kulu ta ce a cire. Ban ce ba. Luba ta bari ta yi daidai, ni na cire na yi daidai, abin da ya raba mu amsar tambaya ɗaya ce. In likita ya tambaye ki ciwon da ya kashe uwarki, ki faɗi abin da idonki ya gani, ba abin da gari ya ce ba, ko da a gaban wanda kike jin kunya ne. Ki tambayi abin da zai biyo baya in an cire, da abin da zai biyo baya in an bari. Ki kuma gaya wa 'ya'yanki mata. Tawa yanzu likita na duba ta lokaci lokaci, ita da ƙannenta, don sun san abin da za su tsare.

Ina godiya ga Allah, da Malam Umaru, da Yafendo, da likitar da ba ta san kunyarmu ba, da wadda ta tsaya a gabana ta ƙi matsawa. Yanzu muna hira da ita kamar kowa, har faɗa muna yi. Sunan ne dai har yau bakina ya kasa. Na gwada ni kaɗai a ɗaki, sai harshen ya yi nauyi. Amma ba a banza na zauna a ajin nan ana yi mini dariya ba, kuma ita zan fara ba wannan takarda ta karanta.

Sunan uwata Balkisu. Ciwo ne ya kashe ta, ba ta yi abin kunya ba. Sunan ɗiyata Balkisu.